Ragon Hutu

A gidanmu ba a taɓa albashi don tafiya hutu. Ni na kafa wannan doka tun shekarar da aka maido mu Ƙonni da aiki, kuma har yau ban ga dalilin sauke ta ba. Maigidana, Malam Rabilu, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, albashinsa kuwa na san shi ciki da bai: hatsi, haya, wuta, sabulu, sai ɗan abin da ake ɓoyewa don ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi. Abokan aikinsa ba su gajiya da gardama a gindin bishiyar dogon yaro ta lakwal kan nawa ya kamata magidanci ya ware wa babban hutu. Wani ya ce albashin wata guda, wani ya ce ɗaya bisa goma na samun shekara, kamar zakkar gero. Malam yakan kwaso mini zancen da zafinsa, ni kuma in nuna masa turken da ke bayan ɗaki.

Kowace kaka ina sayen ɗan rago da ribar ɗinkina, in ɗaure shi a turken nan. Dusa daga maƙwabta, harawa daga gonar ƙanen Malam a Tsarnawa, ɗan jiƙon kanwa lokaci-lokaci. Idan layya ta matso a sayar da shi, kuma a 'yan shekarun nan ba a daɗewa bayan Sallah ake rufe lakwal. Abin da ragon ya kawo shi ne tafiyarmu, da kuɗin mota da tsaraba da abin ci a hanya. Inda kuɗin ya tsaya, nan muke sauka. Wata shekara ya kai mu har Maraɗi. Wata shekara ya yi ciwo ya rame, iyakarsa Dogarawa wajen kawun Malam, kuma wallahi mun ji daɗi, yara suka dawo da kumatu saboda fura da nono. Ragon layyarmu daban ne, Malam ke sayen ɗan madaidaici, babu ruwansa da na turke.

Na bara kuwa uda ne, gaba baƙi baya fari, mai cin abinci kamar an aiko shi. Tun yana wata uku a turke na ce wa yara wannan shi zai kai mu Yamai. Tsahara da ƙanenta Muttaƙa suka ɗauka da gaske, kullum zancensu kogi da gada da jirgin ruwa. Ni ba kogi nake so ba. Yayata Ummul Khairi nake so in gani.

Yaya Ummu ita ta goye ni. Aure ya kai ta Yamai, kuma tun da mijinta ya rasu ba ta sake tako gida ba, tana can tana tuyar masa a bakin titi da 'ya'yanta. Muna waya, amma waya ba ta nuna maka ko mutum ya rame. Duk lokacin da na ce ta zo, sai ta kawo dalili: yau damina, gobe jarrabawar yara, jibi ƙafa. Innarmu tana Badaguishiri, ido ya fara yi mata hazo, kuma duk zuwana tambayarta ɗaya ce: ina Ummu? Na gaji da cewa tana gaishe ki. Shi ya sa na ƙudura, tun da ta ƙi zuwa, ni zan je in same ta da dukan gidana.

Larabar da ta rage saura mako biyu Sallah, Malam ya ja ragon zuwa kasuwa. Da la'asar sai ga su sun dawo su biyu, shi da ragon, kowa yana haki.

"Malam, lahiya? Ba a taya ba?"

"An taya mana. Dillali har riƙe mani riga yay yi." Ya faɗi kuɗin, murna ta kama ni, domin ya ishe mu Yamai mu dawo har da saura.

"To mi ya hana ka sallama?"

"Sakina, ke ba ki san kasuwa ba. Alhazan Sakkwato ba su ƙetaro ba tukuna. Abokan aikina sun ce ran jajibiri ake cin kasuwar rago. Ki bari ki gani, otal za ki kwana Yamai."

Na ce masa ni ɗakin yayata zan kwana, ko a tabarma ne, ya koma gobe ya nemi mutumin. Ya yi dariya ya shafa bayan ragon. Malam mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, amma idan zancen gindin dogon yaro ya shiga kunnensa, sai dai a bar shi ya je ya dawo.

Laraba ta biyu aka taya ƙasa da na farko, ya ce albarka. Ranar jajibiri ya fita tun da sassafe da sabuwar igiya. Ashe duk mai rago a ƙasar nan shawarar da ya yanke ke nan. Daga ƙauyuka an yi ta sauke su a amalanke da a mota, kasuwa ta cika ta batse, masu saye kuma kowa ya riga ya ɗaure nasa a gida. Alhazan da yake jira ko ƙeyarsu bai gani ba. Ya dawo bayan magariba, ragon na biye da shi yana tauna abinsa hankali kwance. Na ajiye masa ruwan wanka. Amma na yi fushi, fushi na gaske, har naman Sallah ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan Sallah wani mahauci ya saye shi a kusan rabin abin da aka fara tayawa. Malam ya kawo kuɗin ya ajiye mini a kan keken ɗinki, ya zauna bakin gado kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Ni nay yi ɓarnar ga, ni za ni gyara. Gobe in tahi banki in ɗauko albashin gaba. Yamai dai sai mun tahi."

"In mun dawo mu ci mi? Hoton gada?"

"Wata biyu na, mu ɗaure ciki."

"Wata biyun da za a koma lakwal, a sai littattahai da takalma? A'a, Malam. Inda rago yat tsaya, nan muka tsayawa."

Na faɗa da ƙarfi, amma da na juya ga keke hawaye ne suka zubo mini. Kuɗin zai kai mu huɗu Dogon Dutsi mu dawo, ba mu da kowa a can. Ya ce to in tafi ni kaɗai, shi ya zauna da yara. Na ce in je in gan ta, in dawo in ce wa Inna me? Tana gaishe ki?

Ya kalli turken da babu komai ta taga. Can sai ya ce, "Ragon ga bai iya ɗaukar mutum huɗu zuwa Yamai. Amma yana iya ɗauko mutum guda daga Yamai."

Na ce ai na sha kiranta ba ta zuwa. Ya ce ban taɓa aika mata kuɗin mota ba. Gaskiyarsa ne, kuma a nan ne kaina ya buɗe, na ga abin da ya daɗe a gabana ban gani ba. Ba kuɗin mota kaɗai ke tsare Yaya Ummu ba. Mutumin da ya fito daga Yamai ba ya shiga Badaguishiri da hannu rabbana. Kowane gida na dangi da sabulunsa da sukarinsa, tsofaffi da goronsu, yara da alewarsu, uwa da turmin zanenta. Lokacin da mijinta ke raye, sai an ɗauko mata kaya a amalanke daga bakin hanya. Mai tuyar masa ina za ta samu wannan? Gara ta ce ƙafa ke ciwo.

Na kira ta a ranar.

"Yaya, na aiko miki kuɗɗin mota. Ki shigo motar Tawa, mu tare ki nan Ƙonni mu wuce tare."

"Sakina, kin san ƙahwar ga tawa..."

"Ƙahwarki lahiya lau take. Kayanki na nan na ɗaure, ke dai ki taho da zanen jikinki."

"Wane kaya?"

"Tsarabarki. Babu mai sani, daga ni sai Malam."

 Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Ke yarinyar ga ba ki da kunya," ta kashe waya. Na san ta yarda.

Sauran kuɗin na shiga kasuwa da shi. Na bi gidajen dangi a kaina ɗaya bayan ɗaya, na yi wa kowa ƙullinsa. Na sayi wa Inna atamfa mai ruwan ganye, da man zafi don gwiwarta da ta fara damunta da sanyin bara. Na ciccire ledojin shagunan Ƙonni, na zuba komai a babbar jaka sabuwa. Tsahara ta yi kwana biyu tana kumbura baki saboda kogi, ubanta ya yi mata alkawarin koramar Badaguishiri idan an yi ruwa, ta ce wannan ai ba ta da gada.

Motar ta iso tasha da azahar. Na tsaya ina duban masu saukowa, ina neman doguwar mace mai jiki, har wata siririya mai furfura a goshi ta kama hannuna. Ban gane ta ba sai da ta yi murmushi na ga wushiryarta. Muka rungume juna a tsakiyar tasha muna kuka, masu tallan ƙwai na kewaye mu. Abin da ta riƙo ƙullin busasshen kifi ne kawai na kogi, ta miƙa wa Tsahara ta ce, "Ga rabonki na Yamai." Malam ya ɗora jakar a mota, ya ce wa yaron mota da ƙarfi, "Ta Hajiya ta, daga Yamai take, a yi hankali da ita."

Mun sauka Badaguishiri da la'asar, an yi ruwa da safe, fadama ta yi kore shar, gero ya kai gwiwa. Kafin mu kai ƙofar gida labari ya riga mu. Inna ta fito tana laluben bango, ta kama fuskar Yaya Ummu da hannu biyu ta yi ta shafawa, tana ta kiran sunanta. Washegari aka buɗe jaka a tsakar gida, Yaya Ummu na miƙa ƙulli, yara na kaiwa gida-gida, mata na shigowa godiya. Na ga yayata ta miƙe zaune, muryarta ta dawo irin ta da, har tana tsokanar matan ƙannenmu. Inna ta yafa atamfarta a kafaɗa tana cewa duk wanda ya shigo, "Ku taɓa ku ji, ɗiyata ta kawo mani daga Yamai."

Hutun nan ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Malam ya karɓi hauya ya bi ƙannena gona, ya dawo da kanta a tafin hannu yana nuna wa kowa. Yara suka wuni a korama, zancen gada ya mutu. Ni da Yaya Ummu muka yi ta hira a gindin turmi, ta tsefe mini kai ta yi mini kitso, tana yi tana faɗan na bar gashina ya lalace.

Ana gobe za mu koma, ina shafa wa Inna man zafin nan a gwiwa da hantsi, babu kowa a ɗakin. Sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Sakina, ciwon gwiwar ga ban taɓa hwaɗa ma Ummu ba. Na hana ki hwaɗa mata, kar hankalinta shi tashi. Ke ɗai kis sani."

Na sunkuyar da kai, na ci gaba da shafawa.

"Ban ce komi ba, kuma ba ni cewa. Allah shi yi muku albarka, ke da Malam. Amma baɗi kar ki wahal da kanki da jaka. Sabulu akwai shi kasuwar Alhamis. Ki aiko mani Ummu haka nan."

Da kaka na sayi wani ɗan ragon, ja mai farin goshi. Malam da kansa yake kai masa dusa kafin ya tafi lakwal, ya kuma rantse ranar da aka fara tayawa zai sallama. Muttaƙa ya tambaye ni ina wannan zai kai mu. Na ce masa wannan ba kai mu zai yi ba, ɗauko mana Yaya Ummu zai yi, ita da 'ya'yanta duka.