Tabon Tina a Bayan Jitar Elkana

Gara a sani tun yanzu cewa ɓarnar da za a yi wa jitar Elkana ba maƙiyi ne zai yi ta ba. Malam Talle ne zai yi ta da hannunsa, wata Talata da hantsi, kuma tsoron kada a raina ɗansa ne zai kai shi.

Shekara ashirin da bakwai Malam Talle ya yi yana fesa wa motocin haya na danfo fenti a wani gareji da ke bayan layin dogo a Agege. Kullum rawaya da baƙin layi biyu, har direbobi na tsokanarsa wai ko tari ya yi rawaya ke fitowa. Babban ɗansa Hamidu a gabansa ya koyi riƙe bindigar fenti, amma da ya kai ashirin da biyar sai ya ce shi katako ya fi so. Ya kama ɗan shago a jikin garejin yana gyara fuskar tsofaffin kujeru da kabad. A shekarar da sojoji suka koma bariki ya buɗe, aka shiga ta biyu ba a kawo masa aikin da zai sa a san sunansa ba. Abin ya tsaya wa uban a rai. Ko abinci yake ci sai ya leƙa ya ga ko wani ya tsaya a ƙofar shagon.

Ana nan sai ga Elkana, mutumin Kagoro, tsohon direban danfo da suka daɗe da sanin juna. Da ƙuruciya kiɗa ya yi a otal-otal na Kaduna kafin ya gangaro Ikko. Ya shigo rungume da wani abu naɗe cikin zane, ya kwance, sai ga jitar bes mai tsirkiya huɗu masu kauri, irin wadda muryarta ke shiga ƙirjin mutum. Jikinta kaf rawaya ce shar irin ta danfo.

Malam Talle ya tuntsire da dariya. "Oga Elkana, saura layi biyu da kwandasta ta fara ɗaukar fasinja zuwa Oshodi!"

"Dariya kake? Ai irinku ne suka yi mini," in ji Elkana. "Shekara goma sha biyar ke nan. Ana fesa motata, fenti ya yi saura, na ce a rufe mini ƙarce-ƙarcen jikinta. Yanzu wani Nanpon mai sayar da kayan kiɗa a Mushin ya gan ta a cocinmu, ya ce idan fentin asali yana ƙarƙashi lafiya, akwai masu neman irinta daga waje da kuɗi mai kauri. Idan ya mutu, to katako ce kawai mai waya."

Hamidu ya karɓe ta, ya juya, ya sa ƙumba a wani lungu ya ɗan kankare. "Kawu, yana nan. Amma sai ka ba ni wata guda."

Wata guda! Malam Talle a kwana biyu yake gama mota sukutum. 

Hamidu ya kwance wuyan jitar da wayoyinta ya adana, ya zauna da reza da samfefa mai laushi da kofin ruwa. Yana ɗaga rawayar kaɗan-kaɗan, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. A wuni ɗaya da ƙyar yake buɗe faɗin akwatin ashana. Abin da ke fitowa kuwa kyakkyawa ne: gefe baƙi-baƙi, ya sirka da ja, tsakiya ruwan zuma, kamar bayan burodin Agege da ya gasu daidai. Sai dai bayan mako biyu gaban kawai ya gama, bayan jitar yana nan da rawayarsa.

Mutanen gareji suka samu abin yi. Sunusi mai walda ne kan gaba. "Malam Talle, ɗanka aski yake yi wa jitar nan ko kaciya? Wanzamai ma sun fi shi sauri." Wani direba ya ce a kai masa motarsa idan yana so ta fito bayan zaɓe mai zuwa. Hamidu murmushi kawai yake yi. Uban ne maganar ke ci. Yana ganin idan sunan "mai nawa" ya manne wa yaro a Agege, ya zauna ke nan.

Ranar Talatar, Hamidu ya hau babur ɗin okada zuwa Mushin neman man sheƙi irin na da. Malam Talle ya shiga shagon, ya tsaya a kan jitar. A garejinsu, idan fenti ya fallatsa inda ba a so, tsumma ake tsomawa cikin tina, ruwan narkar da fenti, a shafa sau ɗaya, shi ke nan. Ya yi haka ya fi sau dubu. Ya ce a ransa bari ya rage wa yaron hanya, in ya dawo ya tarar an gama, a rufe bakin su Sunusi.

Ya tsoma tsumman, ya shafa a tsakiyar bayan. Rawayar ta tashi nan take, har ya ji daɗi. Ya ƙara shafawa. Sai ya ga tsumman ya yi ja, ya yi ruwan zuma. Tsohon fentin da ke ƙasa ya narke tare da na sama kamar man shanu a rana. Kafin ya janye hannu, wuri mai faɗin tafin hannu ya koma farin katako tsirara.

Ya zauna a kan benci. Nan Hamidu ya dawo ya same shi, tsumman na hannunsa, warin tina ya cika shago.

Hamidu ya dubi wurin. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, ƙarfen mota ba ya shan tina. Wannan fentin ya girme ni, ko turare ya zuba masa sai ya ji."

"Na so in taimake ka ne."

"Na sani." Ya ajiye ledar da ya shigo da ita. "To yanzu za ka taimake ni. Kala uku suka haɗu a wurin nan, ni ba zan iya haɗa su daidai ba. Kai kuwa duk Agege ba wanda ya kai ka gane kala. Idonka nake so, Baba. Hannun kuma a bar shi a aljihu."

Haka aka yi. Hamidu ya ƙarasa ɗaga rawayar da rezarsa, sannan suka koma kan tabon. Kowace safiya, lokacin da hasken rana ke shigowa ta ƙofa sosai, Malam Talle yakan tsaya hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, Hamidu na ɗiga kala a murfin gwangwani.

"Ƙara ja. A'a, ya yi yawa, ka mai da shi jinin kaza. Ɗiga ƙasa-ƙasa kaɗan. Tsaya! Nan ne."

Hamidu ya shafa siriri, a jira ya bushe kwana biyu, a goge, a sake. Sau tara suka yi haka, har wa'adin wata gudan ya wuce. Ranar da ya yi gugar ƙarshe da auduga, Malam Talle ya ɗauki jitar zuwa bakin ƙofa, ya karkata ta hagu da dama. Shi da ya yi ɓarnar sai da ya lalubi wurin da kyau kafin ya gane shi.

"Hamidu," ya ce a hankali, "tunda ba a gani, ai ba sai an faɗa ba."

Hamidu yana ɗaura tsirkiya, bai ɗago ba. Uban ya ɗauka ya yarda.

Ranar Asabar Elkana ya zo da Nanpon, wani gajere mai tabarau rataye a wuya. Mutanen gareji suka bar aikinsu suka taru a ƙofa. Elkana na ganin jitar ya dafe baki. Ya ce rabonsa da wannan fuskar tun yana da gashi a ka.

Nanpon ba ya gaggawa. Ya sunsuna katakon. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Ya sa aka kwance wuyan, ya nuna musu wasu lambobi da aka rubuta da fensir a gindinsa, ya ce shekarar sittin da shida ke nan. Ya bi ƙananan tsage-tsagen da ke cikin sheƙin da ƙumba, ya ce waɗannan shekaru ne ke yin su, kuma masu saye su suke nema. Ya duba inda babban yatsan Elkana ya cinye fentin kusa da tsirkiya ta sama, ya ce madalla da ba a cike shi ba. Aka mayar da wuyan, ya ja tsirkiya ɗaya, gwangwanayen da ke kan kanta suka amsa.

"Oga Elkana, ka taki sa'a," ya ce. "Daga sama har ƙasa fentin asali ne. Ba a taɓa ko'ina ba."

Malam Talle ya saki numfashi. Sai ya ji muryar ɗansa.

"Oga, an taɓa. Akwai wuri ɗaya a baya da ya lalace a shagon nan, muka gyara."

 Nanpon ya sa tabarau, ya kifa jitar a cinyarsa. Ya duba, ya fita da ita rana, ya dawo. Ya nuna wani wuri kusa da gefe. Hamidu ya girgiza kai. Ya nuna wani. Nan ma ba shi ba ne. Sunusi mai walda ya ce, "Oga, ko a kawo maka fitilar walda?" Aka yi dariya, ban da Malam Talle.

Daga ƙarshe Hamidu ya zagaye wurin da yatsa. "Duba nan. Babu tsage-tsagen da ka nuna mana. Da reza zan iya zana su, amma ban yi ba."

Nanpon ya sunkuya har hancinsa na taɓa katakon, ya yi fito. "Aiki ya yi kyau. Amma dole in faɗa wa mai saye, kuma zai rage. Ka ga matsalar sabon hannu ke nan, Oga Elkana. Yaro ya iya gyara, amma sai ya fara ɓatawa."

Hamidu ya karɓi laifin a kansa. Malam Talle ya dubi fuskokin da ke ƙofa. Ya san kafin la'asar zancen zai kai tasha, kuma da sunan wa zai tafi. Shekara ashirin da bakwai ba a taɓa dawo masa da mota an ce ya ɓata ba. Ya miƙe tsaye.

"Ba hannunsa ba ne. Nawa ne." Ya ɗaga hannun dama kowa ya gani. "Ya tafi Mushin, na shigo da tina irin ta gareji na shafa, don na ga kamar yana nawa. Wata guda yaron nan yana bin jitar nan da reza bai ƙarce ko ƙwayar gero ba. Ni a shafa biyu na kai katako. Kuma ni ne na ce masa a yi shiru, ya ƙi. Oga Elkana, ni za ka kama."

Elkana ya dube shi. Sannan ya ce, "Malam Talle, wato sau biyu ke nan masu fentin danfo suna gamawa da jitar nan."

Dariya ta ɓarke har da Nanpon. Ya cire tabarau ya juya wajen Hamidu. "Na janye maganata. Akwai tsofaffin jita uku a shagona da na hana kowa taɓawa. Litinin zan aiko da ɗaya. Amma da sharaɗi: Baba ya tsaya a waje."

"Zai shigo," in ji Hamidu. "Shi ke haɗa mini kala."

Malam Talle ya fita ya koma gindin wata danfo da ke jiransa, ya ɗauki bindigar fenti, ya kasa fara aiki. Duk direban da ya wuce sai ya tare shi ya ba shi labari tun daga farko, har da nasa laifin, ba ya rage komai, don ya kai ga wurin da mutumin Mushin ya nemi tabon ya kuskure sau biyu. Sunusi ya ce ya ji labarin sau shida kafin azahar.

Elkana ya naɗe jitarsa cikin zane ya tafi da ita gida, ya ce zai yi shawara da iyalinsa. Nanpon ya ce sai ya ji daga mutuminsa na waje kafin ya yanka kuɗi. Har yau Malam Talle bai san nawa tabon nan ya rage wa jitar daraja ba, bai kuma san ko Elkana ya sayar da ita ko ya riƙe abarsa ba.