Ladabin Delu

A unguwar Inna Lami da ke bakin tabkin Madarumfa, in ana zancen yaro mai ladabi, sunan Delu ake fara kamawa. Jikarta ce, ɗiyar ɗanta Inusa direba, shekararta huɗu. Yarinyar nan ba ta taku kaɗan ba ta tsuguna ba. Ta ga babba ta tsuguna, ta ga baƙo ta tsuguna. Inna kuwa baki har kunne, wai ai gado ba karambani ba.

Ana nan sai autar Inna, Zahara'u, ta zo hutu daga Yamai, inda take koyon aikin tiyata. Tun ran da wasu baƙin likitoci suka gyara zuciyar wani jariri, tana can baya tana ɗage don ta hango ta saman kafaɗun manya, ba ta da zance sai na yaran da ake haifa da lahani a zuciya. Abokan karatunta har tsokanarta suke, wai ta ɗauko dutsen da ba mai taya ta ɗauka.

Delu ta rugo tarbar gwaggonta, ba ta kai ba ta tsuguna tana haki.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Ke da kin ka yi karatun lakwal ba ki kai ta ladabi ba."

Zahara'u ta soma dariya, sai ta daina da ta dubi Delu da kyau. Leɓɓan yarinyar sun yi shuɗi kamar ta tsotsi zanen rini, kawunan yatsunta sun kumbura. Ta zaro abin sauraren ƙirji daga jaka ta ɗora mata. Sautin da ta daɗe tana marmarin ji da kunnenta, yau ga shi a ƙirjin ɗiyar wanta, sai ta ji da ma ba ta ji ba.

Ta kira Inusa a waya, ya ce shi ba ya da ta cewa, abin da Inna ta yanke shi ke nan. Sai ta samu tsohuwar tana ɓarar gyaɗa a inuwa, ta zauna kusa da ita.

"Inna, Delu ba gaisuwa take ba. Zuciyatta ce, jini bai isa huhunta. In ta tsuguna ne take samun sauƙin lumfashi. Sai an kai ta Yamai, ƙila ma a buɗe ƙirjin."

"A tsaga min jika kamar kihin tabki? Ba da ni ba. Ɗiya mai ladabi za ki ƙaƙaba ma ciwo?"

Tsoro ya kama Zahara'u sosai, don ta san irin wannan ciwo ba ya jiran a shawo kan tsohuwa.

Washegari da hantsi tana shanya, ta hangi Inna tsaye cak da ƙwarya a hannu tana kallon bayan rumbu. Delu ce ita kaɗai, ta bi ɗan tsako ta gaza, ta tsuguna fuskarta ga katanga tana jan numfashi. Babu babba a wurin, babu baƙo.

Inna ta daɗe a haka. Da ta juyo, idonta ya cika.

"Duk tsawon lokacin nan ciwonta nike yaba mata," ta ce a hankali. "Auta, ke za ki riƙe wuƙar?"

"A'a, Inna, ban kai nan ba tukuna. Amma zan roƙa a bar ni in tsaya kusa da ita."

Inna ta ajiye ƙwaryar, ta shiga ɗaki ta fito da zanen goyo. Matar da kullum take kukan ciwon baya ita ta sunkuya ta goya jikarta, ta ce wa Zahara'u ta ɗauko kayansu. Tun daga ƙofar gida har tashar motar Maraɗi, ba ta bari ƙafar Delu ta taɓa ƙasa ba.