Jirgin da Alhaji Halliru Ya Huda

Huji na goma sha tara ke nan Alhaji Halliru yake yi a gindin jirgin ruwan da ke ƙofar gidansa, Sa'id kuwa yana tsaye a tagar bene yana ƙirgawa, har shayin hannunsa ya huce bai sani ba. Duk lokacin da injin hudar ya yi ƙara ya yi shiru, sai wani baƙin ruwa ya tsiyayo daga jikin jirgin ya bi simintin ƙofar gida.

"Abban Hana, ka bar leƙen nan haka," in ji matarsa Latifa, tana naɗe kaya a kan gado. "In ya ɗago kai ya gan ka fa?"

"Zo ki gani da idonki. Wane mai hankali ne zai sayi jirgi, ya dawo yana huda shi?"

"Injiniya ne fa. Kai kuma mai sayar da magani."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta ɓata masa rai. Sa'id Bakano ne, ruwan da ya yarda da shi duk duniya bai wuce na buta ba. Alhaji Halliru kuwa ɗan Yauri ne, a bakin kogi aka yanke masa cibi, ya yi shekara talatin yana aikin injiniya a Manchester kafin ya yi ritaya. Shekara goma sha huɗu suna maƙwabtaka a unguwar Cheetham Hill, katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ma ba ta wuce ƙugu ba. Bayan rasuwar matarsa da shekara biyu ne ya je Wales ya jawo wannan tsohon jirgin kamun kifi na faiba a bayan motarsa, duk gansakuka, ya girke shi a ƙofar gida. Mutanen layin suka yi dariya suka gaji.

Sa'id ma ya yi dariyar, har ranar da iska ta kifar da kwandon sharar Alhaji. Da ya sunkuya yana tattara masa, sai ya ga kwalayen magani. Ba ya buƙatar karanta takardar ciki. Irin maganin da ake ba mutum ne idan likitoci sun daina maganar warkewa, sai ta rage zafi. Tun daga ranar ya daina ganin jirgi, sai alamomi. Alhaji ya ba Latifa keken ɗinkin marigayiya. Ya kai littattafansa masallaci. Ranar Juma'a ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ga shi yanzu yana huda jirgi. Abin da Sa'id yake zargi, ko a zuciyarsa ba ya son kiran sunansa: dattijon nan shirin fita teku yake yi, fitar da ba dawowa, ba gawa, ba sallah, ba kabari.

Ya sauko ya jingina da katangar, ya yi sallama, ya ɗora fuskar mai hira.

"Alhaji, sannu da aiki. Wannan huji haka, ba zai sha ruwa ba?"

"Ya riga ya sha, Malam Sa'idu. Amayar da shi nake sa shi."

Alhaji ya cire ƙyallen da ya rufe hanci da shi. Ya rame, wuyan rigar aikin ya yi masa yawa. A gefensa an tara ɓaraguzan wani ruɓaɓɓen soso da ya sassaƙo daga ƙarƙashin daɓen jirgin.

"Wancan fa?"

"Foam ne. Shi ke hana jirgi nitsewa ko ya cika da ruwa."

"Ka kuma cire shi."

"Na cire."

"Life jackets ɗin fa, rigunan ceton da ya zo da su? Na ga guda biyu."

"Suna tip, wurin zubar da shara, tun ranar Talata."

"To wai da wa za ka fita?"

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau, kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya cika tambaya. "Da wanda Allah Ya nufa," ya ce, ya mayar da ƙyallen, ya ci gaba da huda.

Da a ce Sa'id ya yi tambaya ɗaya tak a fili, da labarin nan bai kai haka ba. Amma yaya za ka dubi dattijon da kuke sahu ɗaya ka ce masa, kashe kanka za ka yi? Kunya ta hana shi tambayar mutumin, ba ta kuma hana shi kai ƙararsa ba. Bayan la'asar ya shiga mota ya rufe gilashi, ya kira Ihsan, 'yar Alhaji tilo, wadda ke aure a Birmingham.

"Uncle Sa'id? Lafiya? Is Baba okay?"

"Ihsan, kin san irin maganin da yake sha?"

"Ya ce min gyambon ciki ne."

Sai ya gaya mata. Bai tsaya kan maganin ba, ya ɗora da keken ɗinki, da littattafai, da soso, da huji ashirin da uku. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke haɗuwa tsaf, har ya ɗan ji daɗin basirarsa. Ihsan ta fashe da kuka.

Washegari kafin azahar motarta tana ƙofar gida. Ta tagar bene Sa'id ya ji muryarta tana tashi, rabi Hausa rabi Turanci, bai ji ta uban ba ko sau ɗaya. Da suka fito, makullin motar Alhaji yana hannunta, jakarsa tana kafaɗarta. Alhaji ya tsaya ya dafa jirgin, sannan ya ɗaga kai kai-tsaye zuwa tagar, kamar ya daɗe da sanin akwai mutum a wurin.

"Malam Sa'idu! In hadari ya taso ka ja masa tamfol. Amma kada ka toshe hujin."

Hadari bai taso ba. Watan Agustan nan rana ta yi mako uku cur tana buɗewa, abin da Manchester ba ta saba ba. Jirgin ya daina tsiyaya, ya bushe ƙayau, mai shi kuma yana Sparkhill ta Birmingham, a ɗakin baƙin gidan 'yarsa.

A kwana na tara wani mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa wa Sa'id ƙofa, ya ce maƙwabci ba ya nan, ko zai karɓa masa? Kwalaye uku ne manya. Sa'id ya sa hannu, ya ja su cikin falo, ya yi ta zagaya su kamar kyanwa da kwanon miya mai zafi.

"Kada ka buɗe kayan mutane," in ji Latifa.

"Ba buɗewa zan yi ba. Takardar jiki kawai zan duba."

Takardar ta ishe shi. Sabon soson jirgi na zubawa, galan huɗu. Ƙaron faiba, wanda ake cike huji da shi. Sababbin rigunan ceto guda huɗu.

Kada ka ɗauka nan take ya saduda. Mai zargi ba ya sakin zarginsa da sauƙi. "Wa ya sani ko daga Birmingham ya yi odar, don ya rufe mana ido?" ya ce. Latifa ta ɗora yatsa a kan kwanan watan. An yi odar tun kwana shida kafin ya kira Ihsan. Ya zauna ya buɗe waya ya bincika, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Ga Turawa nan birjik, kowa da tsohon jirginsa, suna huda gindi da katakon baya don ruwan da ya jiƙa ciki ya fita, su bar shi ya sha rana makonni, sannan su cike hujin tun da sauran zafi, domin ƙaron ba ya kamawa a sanyi. Kunya ta rufe shi har ya kasa cin tuwon dare.

Ya kira Ihsan ya ce ya yi kuskure. Ta ce, "Uncle, I can't take that chance," ta kashe wayar. Ya shuka abin da ya fi ƙarfin ya tumɓuke.

Sai ƙarshen Satumba aka dawo da Alhaji, a keken guragu, da tiyon iska a hanci. Shi ya dage, ya ce a gidan da matarsa ta cika zai cika. Ihsan ta ɗauki hutu ta tare tare da shi. Kwana biyu Sa'id yana fita ta ƙofar baya. A na uku Alhaji ya aiko a kira shi.

Ya same shi a bakin ƙofa, an lulluɓe shi da bargo, yana kallon jirgin. Ihsan ta shiga kicin. Sa'id ya durƙusa.

"Alhaji, ka yafe min."

"Na yafe tun muna kan titin M6, a hanyar dawowa." Ya ja numfashi. "Ciwon da ka faɗa mata, ka kyauta, ni na kasa. Amma ɗayan fa, Malam Sa'idu? Ka san wuƙaƙen kicin ɗinta a but ɗin mota take kulle su? Maganina ƙwaya ɗaya-ɗaya take ba ni, ta tsaya sai na buɗe baki ta gani. In na daɗe a banɗaki sai ta buga ƙofa. Yarinyar da ni na koya mata Fatiha."

Sa'id ya sunkuyar da kai.

"Na yi mata bayani, ta ce yes Baba, yes Baba. Ba ta yarda ba. Mutuwa ba ta dame ni ba. Amma in tafi 'yata tana ganin ubanta ya yi niyyar saɓa wa Ubangijinsa a ƙarshe, wannan ya dame ni."

"Me zan yi, Alhaji?"

"Kai ka ƙirga hujin, ko ba haka ba? Nawa ne?"

"Ashirin da uku."

"To kai za ka toshe su."

Haka mai sayar da magani ya koma leburan jirgi. Da yake sanyi ya shigo, sai da suka kafa rumfar tamfol a kan jirgin suka sa hita a ciki. Kullum in ya taso daga aiki sai ya sa tsohuwar riga, ya auna ƙaro da mahaɗinsa, ya kwanta rigingine yana ɗurawa, warin yana hawa masa kai. Alhaji yana daga bakin ƙofa yana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage masa.

"Ka cika gaggawa. Goge bakin da samfefa tukuna."

"Na goge."

"Ba ka goge ba, ina jin ƙararsa daga nan. Wannan awon naka, haka kake auna wa mutane magani?"

Huji uku ko huɗu suke yi a rana, ranar da jikin ya matsa ba a yin ko ɗaya. Ihsan takan fito da shayi ta tsaya tana kallonsu, hannu a harɗe. Sa'id ya san kallon, domin nasa ne. Rannan ya ji ta tana tambayar Latifa ƙasa-ƙasa ta kan katanga, ko ƙaron nan guba ne in mutum ya sha.

Ranar Laraba Alhaji ya kasa fitowa. Sa'id ya shiga ya same shi a gado, ya ce saura biyar.

"In ka gama," in ji Alhaji, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "ba sai kun kai shi teku ba. Haka muke gwadawa: ka sa tiyo, ka zuba ruwa a cikinsa har idon sawu. Ka bar shi awa ɗaya, in bai ɗiga ba, ya gyaru. Ka ce ta leƙa ƙarƙashi da kanta. Ita, ba kai ba."

Alhaji ya cika ranar Alhamis bayan la'asar, Ihsan tana riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa. Sa'id yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, yana kuma cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya yi kuka a maƙabarta, bai damu da wa ke kallo ba.

Huji biyar ɗin ya cike su shi kaɗai, ba mai yi masa faɗa. Ya zuba sabon soson, ya mayar da daɓen. Ranar da Ihsan ta gama haɗa kayanta za ta koma Birmingham, ya tare ta a ƙofa ya faɗa mata saƙon.

"Uncle, me wannan zai canza yanzu?"

"Ban sani ba. Shi dai ya ce ke."

Ya jawo tiyo daga famfon lambu ya jefa cikin jirgin. Suka tsaya suna jin ruwan yana taruwa. Da ya kai idon sawu ya rufe famfon. Latifa ta kawo kujeru biyu, ba wanda ya zauna. Motocin bas suka yi ta wucewa a babban titi.

Da awa ta cika, Ihsan ta ajiye jakarta. Ta tattare abayarta, ta durƙusa, sannan ta kwanta a simintin ta ja jiki zuwa ƙarƙashin jirgin. Sa'id yana ganin tafin hannunta yana bin gindin a hankali, yana tsayawa kan kowane tabo, ta shafa, ta duba yatsunta, ta matsa gaba. Ta kai na ƙarshe, can wajen katakon baya, ta bar hannun a kai.

Ba ta fito ba. Daga inda yake tsaye ƙafafunta kawai yake gani, da busasshen siminti kewaye da ita.