Baƙon Alkama a Fadamar Buba

Da aka gama kaka, Buba ya gangaro da shanunsa wata fadama gabas da Kore Mairuwa, inda iyayensa suka saba sauka. Gamba ta yi tsawo ta bushe, har saniya kan ɓace a ciki. Ya yi niyyar cinna mata wuta bayan sallar Juma'a, don sabon tsiro ya fito.

Ran Alhamis da la'asar sai ga moto mai ƙafa biyu ta tsaya a bakin ruga. Abdulwahid ne, ma'aikacin gandun daji na Tibiri, ɗauke da wata matashiya mai jaka a baya. Ya ce sunanta Lubna, daga jami'ar Yamai, aikinta bin tsuntsaye.

Bayan an gaisa an sha nono, ta ce, "Baba, baƙo muka biyo. A wajenka ya sauka."

"Ni ban ga kowa ba, ɗiyata."

"Bari rana ta sunkuya."

Suka zauna a gindin gawo. Da rana ta yi ja, wasu shahuna masu launin toka suka fara zuwa ƙasa-ƙasa, suna shawagi a kan ciyawa kafin su faɗa ciki. Buba ya san su tun yana yaro, masu cin fara ne, bai taɓa kula da inda suke fitowa ba. Lubna ta miƙa masa madubin hangen nesa. Sai da ya sha fama kafin ya kama ɗaya a madubin, ya ga wani ɗan abu baƙi a bayansa, da siririyar waya.

"Wa ya yi mishi laya?"

Ta yi dariya, ta ce na'ura ce mai faɗin inda yake. Ta buɗe wayarta ta nuna masa jan zare a kan taswira. Ta ɗora yatsa a kan Dogon Dutsi, ta bi zaren arewa. Nan hamada ce, inda raƙumi ma sai da guzuri. Nan teku. Nan duwatsu masu ƙanƙara. Yatsan bai tsaya ba sai a wata ƙasa da ta kira Holan.

Buba ya ɗaga kai daga wayar. Shi da ya kai shanu har Benin a ƙafa, yana ganin ya san tafiya. Ya dubi tsuntsun, wanda bai kai kaza nauyi ba.

"Da waɗanga fukafukai?"

"Kowace shekara, Baba. Zuwa da komawa."

Ta ce a can, cikin gonar alkama yake sheƙa, a ƙasa. Ta kira mai gonar. Fuskar wani tsohon Bature ta cika wayar, hancinsa ja, bayansa fili fari fat da ƙanƙara, har numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Lubna ta juya wayar wajen fadama. Tsohon ya ƙura ido, sai ya cire hularsa a cikin wannan sanyi, ya faɗi wata magana.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ashe ya iso lafiya."

Buba ya sa aka tambaye shi ko cin tsuntsun yake yi, ko sayarwa. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce in lokacin girbi ya yi, yakan kewaye sheƙar da shinge, injin girbi ya yanke gona duka ya bar wannan wuri, alkamar ta lalace a tsaye har 'ya'yan su tashi. Maƙwabtansa ma haka suke yi. Amma in tsuntsun ya bi kudu, ba abin da ya rage a hannunsu sai jira.

"Subhanallahi," in ji Buba a hankali. Mutum ya bar hatsinsa saboda tsuntsun da zai zo ya cinye farar da ke ɓarna a gonakin Arewa, kuma bai san kowa a nan ba!

Ba wanda ya roƙe shi kome. Shi ne ya ce wa Abdulwahid, "Malam, in na sa wuta, ina baƙon za shi kwana?"

Juma'a ta wuce ba hayaƙi. Sauran makiyaya suka yi gunaguni, Buba ya bi su ruga-ruga yana ba da labari, wasu suka yarda, wasu suka ce tsufa ne. A ƙarshe aka ƙone gefen yamma, aka bar gabas. Shanu suka riƙa yin nisa wajen kiwo, matarsa Barira ta yi ta mitar nono ya ragu.

Da zafi ya fara shigowa, shahunan suka riƙa raguwa. Wata safiya Buba yana tatsa, ya ga ɗaya ya hau sama fiye da yadda suka saba, ya yi kewaye, ya miƙe arewa. Bai san ko mai na'urar ba ne. Ya ajiye ƙwarya, ya miƙe tsaye, ya bi shi da ido har ya ɓace, maraƙi kuwa ya samu sarari ya kama nono.