Rautar Gidan Kafinta

Tsawar da aka yi ranar Talata da la'asar ba ta taɓa komai a gidan ba sai rauta, 'yar na'urar da ke raba intanet. An ji ƙara tas a saman kabad ɗin falo, ɗan warin ƙuna ya tashi, korayen fitilun nan da suka daɗe suna ƙyafta ido suka mutu gaba ɗaya. Mama ta taka kujera ta sauko da ita, ta goge mata ƙura, ta girgiza ta kusa da kunne kamar agogon da ya tsaya. Ko motsi ba ta yi ba.

Dogo, ɗan gidan, shi ne ya ɗora ta a wurin da hannunsa, ba tare da ya taka komai ba, don shi ko a tsaye saman kabad a gaban idonsa yake. Shi ya ja waya, shi ya raɗa wa intanet ɗin gidan suna Gidan Kafinta, shi ya sa kalmar sirri. Wannan duk kafin ranar da ya tsaya a shagon Baba, a gaban masu ɗaukar kaya, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana shaƙar garin katako ba. Baba ya ajiye zarto ya ce idan ya fita, to ya manta hanyar gidan. Dukansu biyu taurin kai ɗaya gare su, tun daga tushe. Washegari da safe Dogo ya ɗauki jaka da sabuwar wayarsa ya tafi, ya bar tsohuwar mai fasasshen gilashi a kan gado. Baba ya kulle ɗakin, ya ɗaura makullin cikin makullan shago.

Shekaru sun ja tun daga lokacin. Lambarsa ta daina shiga. Labarinsa sai a bakin mutane: wani ya gan shi yana aiki a tashar jiragen ruwa, wani ya ce ya yi ƙiba, wani ya ce a'a, ramewa ya yi. Mama, wadda tun haihuwarsa take kiran mijinta Baban Dogo, ta koma kiransa Maigida, don ta lura duk lokacin da sunan ya fito sai ya tashi ya bar wurin.

Ranar Asabar Auta, ƙanwar Dogo, ta taso daga kantin maganin da take aiki da sabuwar rauta a kwali. Fara ce sol, da ƙahonni a tsaye. Ta jona ta, ta zauna a ƙasa ta harɗe ƙafa, ta sauke manhajar kamfanin a wayar Mama, ta haska ɗan tambarin da ke ƙarƙashin rautar. Manhajar ta yi ta juyi, sannan ta ce ta gano na'urar. Auta ta sa kalmar da za a riƙa shiga saiti da ita, ta wuce gaba, sai ga gurabe biyu, na suna da na kalmar sirri, babu komai a ciki.

Baba na zaune a kujerarsa da kofin shayi, fuskarsa a sake, abin da ba kullum ake gani ba.

"Allah Ya yi wa tsawar nan albarka," in ji shi. "Yau dai 'yan cin banza sun ga ta kansu. Mai aski, mai gyaran takalmi, ɗaliban benen can, duk a wuyana suke kallon ƙwallo. Bangon gidana har ya yi santsi saboda jingina. Sa mana sabon suna, Auta, da kalmar da ko aljani ba zai canka ba."

"An gama, Baba," ta ce tana dariya. "Me za mu sa?"

Mama na tsaye a bayanta riƙe da tsohuwar rautar, ta ƙi ajiyewa. Ta leƙa guraben nan biyu.

"Auta, in tambaye ki. Waya ta yaya take gane gida?"

"Da abu biyu, Mama. Suna da kalmar sirri. Duk wayar da ta taɓa shiga sau ɗaya, in ta sake zuwa kusa, da kanta take kamawa, ba sai an ce mata komai ba."

"In aka canza fa?"

"Sai ta wuce mu kamar ba ta taɓa saninmu ba."

"Ko da wayar ɗan gida ce?"

Auta ta ɗago kai. Dariyar ta bar fuskarta. Baba ya kurɓi shayi da ƙarfi, ya kalli bango.

"Ko da ta ɗan gida ce, Mama."

"To a bar su yadda suke," in ji Mama.

"A bar me?" Baba ya dire kofin. "Ke kin ji abin da na ce kuwa? Layin nan kaf sun san kalmar!"

"Na ji, Maigida. A bar su yadda suke."

Ba ta ɗaga murya ba. Auta ta rubuta Gidan Kafinta a gurbin farko, ta duba wayar Mama ta tabbatar da inda babban baƙi yake da inda ƙarami yake. Da ta zo gurbi na biyu sai hannunta ya tsaya. Abin kunya, duk gidan babu wanda ya san kalmar. Wayoyinsu ne suka riƙe ta, su kuwa tun ranar da Dogo ya danna musu ba su sake tunaninta ba.

Mama ta ja mayafi ta tsallaka titi zuwa shagon aski. Mai aski ya fara rantsuwa cewa shi bai ma san gidan yana da intanet ba, alhali wayarsa na jingine a jikin madubi, wasan da yake kallo ya tsaya cak tun ranar Talata. Da ya fahimci ba faɗa ya kawo ta ba, sai ya sosa ƙeya ya biyo ta har bakin tagar falo.

"Rufe ƙofa sauro," ya ce, yana sunkuyar da kai. "Duka a haɗe, da ƙananan baƙaƙe."

Auta ta fashe da dariya, sannan ta toshe baki. Maganar Mama ce wannan, wadda take jefa wa Dogo kowace yamma tun yana firamare, don bai taɓa shigowa ya ja ƙofa a bayansa ba. Mama ta zauna a hannun kujera. Ba ta taɓa sanin kalmar da Dogo ya sa ke nan ba.

"Ku yi abin da kuka ga dama," in ji Baba. Ya tashi ya koma shago, ba a jima ba aka ji guduma tana sauka fiye da yadda kowace ƙusa take bukata.

Auta ta danna kalmar, ta adana. Rautar ta mutu ta sake tashi, fitilarta ta koma kore. Nan take wayar Mama ta kama, ta Auta ta kama, daga tsallaken titi kuma aka ji ihun mai sharhin ƙwallo ya dawo.

"Zan iya toshe maƙwabta ɗaya bayan ɗaya," in ji Auta. "Ga wurin nan."

"Kada ki toshe kowa. In kika toshe wadda ba ita ba fa?"

Sai Auta ta rage wa baƙin wayoyi gudu kawai, don Baba ya samu na sauraron labarai. Ta kunna sanarwa, yadda duk wayar da sabuwar rautar ba ta taɓa gani ba, idan ta shigo, wayar Mama za ta yi ƙara ta nuna sunanta. Ta kuma nuna mata 'yan sandunan da ke gefen kowane suna. In sun cika, mai wayar yana cikin gida. In ɗaya ce tal, yana wajen ƙofar waje ko tsallaken titi.

Matar da ko hoto ba ta iya turawa sai an taya ta, cikin 'yan kwanaki ta haddace manhajar nan ciki da bai. Ta san wayar mai aski, ta san ta matarsa, ta san ɗalibin da ba ya zuwa aji. Duk da haka ƙarar ba ta daina tsinka mata zuciya ba. Tana wanki ta yi ƙara, sai ta goge kumfa a jikin riga ta duba: wani mai jiran aski ne aka ba kalmar. Tana yankan albasa ta yi ƙara: ƙanin mai gyaran takalmi ne. Kewar ɗanta take yi, kewa mai nauyi da ta daɗe tana haɗiyewa, yanzu kuma an ba kewar ƙararrawa. Ba ta fatan ya shigo ya nemi gafarar kowa. Ita dai ko wucewa ya yi ta layin, ko tsayawa ya yi daga nesa ya kalli gidan ya juya, tana so ta sani.

"Wayar nan za ta sa miki hawan jini," in ji Baba wata rana. "Ki kashe ƙarar mana."

"Ba ta dame ni ba, Maigida."

Wata ranar Laraba da rana tsaka, tana shanya a bayan gida, wayar ta yi ƙara. Cajinta ya kusa ƙarewa, don tun jiya take neman abin cajinta ta rasa. Ta ciro ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da jiƙaƙƙen zanen gado. Ta karanta sunan. Ta sake karantawa. Dogo.

Zanen ya faɗi ƙasa. Ta ratsa kicin, ta ratsa falo, ta buɗe ƙofar waje ba takalmi. Rana ta daki idonta. Mai aski na gyangyaɗi a benci, wata mata na tura keken jariri, motar haya ta sauke mutum a kwanar layi, gajere ne mai tumbi. Ta duba dama, ta duba hagu, ta taka har tsakiyar titi, kwalta na ƙona mata tafin ƙafa. Ta buɗe baki za ta kira sunan, sai ta tuna da sandunan.

A cike suke, duka.

Ta koma ciki a hankali. Ƙofar da ke ƙarshen baranda, wadda ta daɗe a kulle, a buɗe take, tarin makullan shago na lilo a jikinta. Ɗakin na warin ƙura da rufi. A bakin gadon Baba ne zaune, da garin katako a gashinsa, ya riƙe tsohuwar wayar mai fasasshen gilashi da hannu biyu. Abin cajin Mama na jone a bango.

Ya ɗago ya ga ƙafafunta, ya ga fuskarta, ya gane abin da ya yi.

"Ƙura na shigo dubawa," ya ce. "Sai na ce bari in gwada, ko aikin Auta na banza ne."

"Ka kusa kashe ni."

"Ban san za ta yi miki ƙara ba."

Mama ta jingina da ƙofa. Hawaye suka zubo mata, na haushi da na wani abin daban, ba ta share ba.

"To ta kama?" ta ce.

"Ta kama. Ko tambaya ba ta yi ba."

Ya cire wayar daga caji ya miƙe. Ya wuce ta, ya bi baranda yana kallon gilashin, ita kuma ta zura takalmi ta bi bayansa. A falo sandunan a cike suke. A ƙofar waje saura ɗaya. Ya ci gaba da tafiya, ya wuce shagon aski, ya wuce mai gyaran takalmi, bai amsa gaisuwar kowa ba. Kafin ya kai kwanar da motocin haya suke sauke mutane, alamar ta ɓace. Ya ƙarasa kwanar ya tsaya, ya ɗaga wayar sama, ya juya ta, ya sauke. Daga nan ana hango rufin gidan da rabin tagar falo.

"Mutum in ya sauka a nan," ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "ya tsaya yana shawara, ya ƙarasa ko kada ya ƙarasa, rautar ba za ta gan shi ba."

"Ba za ta gan shi ba," in ji Mama.

Da la'asar aka ji zarto a shago. Baba ya fito da ɗan katako gogagge da maƙalai biyu, ya jingina tsani a jikin tagar falo mai kallon titi. Ya kira Auta a waya ya tambaye ta ko matsar da rautar zai ɓata saitin. Ta ce ba zai ɓata ba, muddin bai danna ɗan maɓallin da ke bayanta ba. Ta tambaye shi me ya faru, ya ce saman kabad ɗin ne ya cika zafi.

Ya hau tsani, ya dafa katakon a bango. Mama na ƙasa riƙe da rautar a ƙirjinta, kusoshi a tafin hannunta. Ta ja baya kaɗan, ta leƙa kwanar layi ta taga, ta dubi katakon.

"Baban Dogo," ta ce, "ƙara sama kaɗan."

Ya ƙara.