Kom

"Kom," in ji Baba Ziblim, yana kallon silin. "Kom."

"Ka ji shi ko? Koma, koma," matarsa Latifa ta ce da ni. "Ya so ya koma garinsu Tamale. Wace motar trotro za ta ɗauke shi haka?"

Shekara goma sha ɗaya ɗakina na jikin nasu a gidan haya na Maamobi, har tarinsa na sani. Tela ne, mai baki kamar rediyo, yana zagin kwastoma da Hausa, ya lallashe shi da Twi. Da korona ta kwantar da shi ta sake shi, sai ta tafi da rabin kansa. Ya manta yadda ake sa zare a keke, ya koma kiran Latifa "Madam". Daga baya maganar ma ta ƙafe, sai wannan kalma ɗaya.

Watan azumi ne, zafin Accra kamar a bakin murhu. Latifa ta ce tun da ta aure shi bai taɓa shan azumi ba, ba kuma ita za ta fara karya masa ba. Sai magariba take ba shi koko, shi ma rabi ya zube. Mu kuwa, masu iyawa, muna ta lallashinsa.

"Baba, ka yi haƙuri, bayan Sallah za a kai ka."

Kwana huɗu muna wannan hauka. 'Yan ƙabilarsa Dagomba sun cika Nima, unguwar da ke jikin tamu, amma babu wanda ya tuna ya kira ko ɗaya, don mun ɗauka Hausa yake yi. Har yau abin yana cin raina.

Ranar Alhamis da azahar Ruhaina, 'yar Dagomba mai kawo mana doya daga unguwar Old Fadama, ta leƙo gaisuwa. Ta ji shi, ta dire tirenta.

"Ei, Maame Latifa! Ba koma ba ne. Dagbanli ne, yarenmu. Kom, ruwa! Mutumin nan ruwa ya ke roƙo."

Latifa ta ciji ledar ruwa, ta ɗiga masa a baki. Leɓunansa duk sun tsage. Ya haɗiya sau biyu da ƙyar, na ukun ya gangaro ta gefen gemu. Kafin la'asar ya cika.

Da aka kira magariba, matan gida suka miƙa wa Latifa dabino. Ba ta karɓa ba. Tana zaune a bakin ƙofa, ledar na ɗiga a kan zanenta.