Muryar da Aka Goge

Wayar da Abdulmuttalib ya sayo wa matarsa Safinatu a kasuwar Maigatari kyakkyawa ce, wannan babu mai musu. Faffaɗa, ruwan zinare, da tambarin tauraro a bayanta. To, daga kyan nan kuma ba sauran abin yabo. A cika ta da caji da safe, kafin azahar ta mutu. A taɓa ta, ta tsaya tana tunani kamar tsohuwar da aka tambaya shekarunta. Mafi muni shi ne kira ya shigo ta yi gum, sai bayan awa biyu ta nuna wai an kira, babu ko kunya.

Abdulmuttalib direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa Kudu. Mutumin kirki ne, sai dai zuciyarsa a kusa take. Wata tafiya ya bar 'yarsu Tayyiba da zazzaɓi, motarsa kuma ta lalace a daji. Ya kira sau goma sha ɗaya don ya ji jikin yarinyar, ba a ɗauka ba. Kwana huɗu ya yi yana dafa abin a cikinsa kafin ya iso gida Gumel.

Safinatu ta ce wayar ce. Ya ce kullum wayar ce. Ta ce ai shi ya sayo ta, da ya sayo ta kirki da ba a yi haka ba. Daga nan magana ta bar kan waya ta koma kan abin da aka yi bara da bara waccan. Ya fizgi littafin makarantar Tayyiba, ya yagi takarda, ya rubuta saki ɗaya, har da kwanan wata da sa hannu. Mutumin da rubuta lambar motarsa ke ba shi wuya, ranar nan hannunsa ko rawa bai yi ba.

Ta kwashi 'yarta ta koma wurin mahaifiyarta, Inna Sabuwa, a Sule Tankarkar. Inna ta naɗe takardar ta saka a gwangwanin da take ajiye katin asibiti. Safinatu ta yi kuka har ta gaji. Tana son mijinta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne abar da ta kashe mata aure tana nan kwance a gefen katifa, tana ɗaukar zafi ita kaɗai.

Saura 'yan kwanaki idda ta cika, wata safiya tana tankaɗen gari, wayar ta mutu ta farfaɗo kamar yadda ta saba, sai ta tofo wani saƙon murya da aka aiko tun jiya. Safinatu ta karkaɗe hannu, ta shige ɗaki, ta kara a kunne. Ƙarar inji ce ta fara fitowa, sannan muryar Abdulmuttalib.

"Safina, na kira ba ki ɗauka ba. Na san ba ke ba ce, wannan banzar wayar ce. Ni na yi laifi. Na mayar da ke ɗakinki, Allah ne shaida. Kin ji? Na mayar da ke."

A nan muryar ta karye. Abin da ya biyo baya magana ce ta miji da mata, ba ta kunnen kowa ba. A ƙarshe ya ce, "Kada ki bari dangina su ji tukuna. In na dawo daga wannan lodin zan ɗauko Yaya Rufa'i mu zo biko yadda ya kamata, in ba Inna haƙuri da bakina."

Ta saurara ya fi sau goma. Da Inna ta ga fuskar 'yarta ta sauya, ta tsare ta da tambaya, Safinatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Baban Tayyiba ne. Ya ce ya mayar da ni."

"Alhamdu lillahi. To kunna in ji da kunnena."

"Haba Inna!" Ta rufe fuska da mayafi ta fice tana dariya. Ina za ta iya zama uwarta tana sauraron surukinta yana kuka, yana kiran 'yarta da sunayen da ba a faɗa a tsakar gida?

A ranar ta yanke shawara: wannan wayar ba za ta sake bin ta ɗakinta ba. Ta sayar da akuyarta, ta shiga mota zuwa Gumel, ta nufi shagon Obed kusa da tasha. Obed mai sayar da waya ne da gyara, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari.

Yana ganin tauraron ya yi dariya. "Hajiya, ke ce ta biyar a satin nan. Duk wanda ya sayi wannan ƙarshenta nan yake dawowa. Bar kamfanin nan gaba ɗaya." Ya ɗauko mata wata baƙa, ba ado, ta wani kamfani daban. "Wannan ba kyau, amma in an kira ki za ta yi ihu har maƙwabta su ji. Ki bar mini tsohuwar, ki yi ciko."

Ya kwashe mata lambobi da hotunan Tayyiba. Sai ya dakata. "Saƙonninki fa? Ba a taɓa ajiye su a ko'ina ba, a cikinta kaɗai suke, kuma ta ƙi ba ni hanya. In na goge ta, sun tafi ke nan. In akwai mai muhimmanci, ki bar ta zuwa gobe in bi su ɗaya bayan ɗaya in ga wanda zan iya cirowa."

Ɗaya bayan ɗaya. Wato wani namiji ya zauna a shago, cikin mutane, yana sauraron mijinta. Ta ji kunya ta kama ta tun daga ƙafa.

"Goge kawai," in ji ta. "Mai maganar yana nan tafe da ƙafarsa."

Ta tsaya tana kallo har fuskar wayar ta yi fari. Ko kusa ba ta ji ciwo ba. Daɗi ma ta ji, irin na wanda ya ga an ɗaure ɓarawon da ya dame shi.

Obed bai yi ƙarya ba. Sabuwar waya cajinta kwana biyu, kira kuwa bugu ɗaya take amsawa. Abdulmuttalib yana can Fatakwal yana jiran lodin dawowa, kullum sai ya kira, safe da yamma, har yana tsokanarta wai ashe da can ma tana iya ɗaukar waya. Tunda kira yana shiga, bai ƙara aiko saƙon murya ba. Me zai sa? Duk abin da ya faɗa a mako ukun nan, iska ta ɗauka.

Ranar wata Talata bayan la'asar wayar ta yi ihunta. Adawiyya ce, matar yayansa Alhaji Rufa'i, tana magana tana shessheƙa. Motar ta ƙwace bayan Lokoja, ta faɗi, ta kama wuta. An riga an yi masa sutura a can.

Safinatu ba ta san yadda aka kai ta Gumel ba. Abin da ta fara gani a gidan shi ne kwaɗo a ƙofar ɗakinta. Mata sun cika tsakar gida. Ta wuce kai tsaye za ta zauna kusa da mahaifiyar mijinta, inda masu karɓar gaisuwa suke, sai wata gwaggonsa ta riƙo hannunta a hankali, ta nuna mata tabarmar baƙi ta bakin ƙofa.

"Zauna nan, 'yar nan. Kin kyauta da kika zo. Ai ko don Tayyiba."

"Gwaggo, ni matarsa ce. Ya mayar da ni."

Wasu matan suka kalli juna, wasu suka kalli ƙasa.

Bayan sadakar uku Alhaji Rufa'i ya kira ta zaure, ita da Inna Sabuwa. Ba mugu ba ne, amma mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gani ba. Idonsa jajir.

"Safinatu, ƙanena ba ya ɓoye mini komai. Ranar da ya sake ki, ni ya fara gaya wa. Wannan kuwa ban ji ba. Kin ce saƙo ya aiko. Ina saƙon?"

Ta koma shagon Obed da gudu-gudu, mayafi na zamewa. Da ya ji abin da ya faru, ya ajiye abin da ke hannunsa ya dafe kai.

"Wayyo Hajiya. Ranar Alhamis ɗin nan na kai ta Maigatari, wani mutumin Damagaram ya saya. Kuma ko an samo ta, wallahi wayam take. A gabanki na goge. Tasa fa?"

"Ta ƙone tare da shi."

"Zan iya zuwa in faɗa musu na yi miki maganar saƙonni. Amma ban ji abin da ke ciki ba. Ba zan ce na ji ba."

Ta gyaɗa kai. Ai ita da bakinta ta ce a goge.

Aka kai maganar gaban Malam Sirajuddeen, limamin unguwar, dattijo mai sanyin murya. Ya karanta takardar sakin da Inna ta fito da ita daga gwangwani. Tana nan garau, ko tawadar ba ta dushe ba. Ya tambayi Inna ko ta ji saƙon. Inna ta ce an dai gaya mata.

Malam ya juyo wurin Safinatu. "'Yata, komen da kika ce ya yi, babu shaidarsa a nan. Amma akwai wata ƙofa. Saki ɗaya ne. In har ya rasu iddarki ba ta cika ba, to ke matarsa ce ko bai mayar da ke ba. Za ki yi takaba a ɗakinki. Wannan kuwa ba wanda ya san shi sai ke da Ubangijinki, kuma maganarki shari'a take karɓa. Ina tambayarki: iddarki ta cika kafin ya rasu?"

Inna Sabuwa ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta matse cinyar 'yarta da ƙarfi. Alhaji Rufa'i ya kawar da kai, kamar mai cewa ko me ta faɗa shi ba zai ja ba. Kalma ɗaya ce tsakaninta da makullin ɗakinta.

Safinatu ta ji muryar nan a kunnenta, da ƙarar inji a bayanta: Allah ne shaida. Shi da ya kafa Allah shaida, ita ce za ta shiga ɗakinsa da ƙarya? Kuma in ta ce ba ta cika ba, ta yarda ke nan cewa bai taɓa cewa komai ba, ya mutu yana fushi da ita, shari'a ce kawai ta tausaya mata.

"Ta cika, Malam. Da kwana goma sha biyu. Amma ya mayar da ni kafin nan."

Inna ta saki cinyar ta fashe da kuka. Malam ya share ido da gefen rawaninsa.

"Allah Ya yi miki albarka. Ni a zuciyata ban ƙaryata ki ba. Amma ba ni da abin da zan ɗora hukunci a kai."

Kafin su bar gidan sai da Safinatu ta durƙusa gaban mahaifiyar Abdulmuttalib, kamar kowace baƙuwa, ta ce, "Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙansa." Tsohuwar ta amsa, ta shafa kan Tayyiba. Babu wanda ya yi wa Safinatu gaisuwa.

A Sule Tankarkar ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ajiye kwalli da turare, ta shiga ɗaki. Wata huɗu da kwana goma, ita kaɗai ke ƙirgawa. Kullum bayan sallar asuba takan maimaita saƙon a ranta don kada ya gudu. Cikin mako na uku ta kasa tuna ko "kin ji" ya fara cewa ko "Allah ne shaida". Ranar ta yi kukan da ya fi na ranar mutuwar. Takan buɗe sunansa a sabuwar wayar, ta ga fili fetal, wuri ga shi nan birjik, ba abin da za a saka.

Wata hantsi wayar ta yi ƙara. Asama'u ce, ƙawarta ta ƙuruciya da ke aure a Gagarawa Tasha. Ta yi mata jaje a gurguje, sannan ta sassauta murya.

"Ke, daman akwai wani ƙanen maigidanmu, matarsa ta rasu bara. Na ce masa ai kin gama idda tuni. Yana so ya zo ranar Juma'a ku gaisa."

"Ki ba shi haƙuri, Asama'u. Ina takaba."

Safinatu ta so a ce layin ya yanke, ko wayar ta sandare, ko caji ya ƙare, kamar yadda waccan ta saba. Amma wannan waya ce ta kirki. Muryar ta fito tar, kamar mai maganar tana zaune a gefen tabarma.

"Takabar wa?"